Goggo Eduviges da Motar Shara

Goggo Eduviges, yayar mahaifina, ba ta jefar da abu sai ta juya shi ta sake dubawa. Gwangwanin madara ta shuka na'a-na'a a ciki, tsohon siket ya koma tsumman goge tebur. Sana'arta suyar arepa, wainar masarar nan tamu, a ƙofar gida, can bayan birnin Barranquilla.

Da hukumar garinmu ta ce kowa ya riƙa raba shara, farar leda ta robobi da kwalabe, koriya ta ɓawo da ragowar abinci, baƙa ta sauran tarkace, sai unguwa ta ɗauki gunaguni, tunda ledojin ma mu za mu saya. Goggo kuwa har da murna.

"Sai yanzu gwamnati ta yi hankali," in ji ta.

Ta riƙa wanke ledar madara tana shanyawa a igiya. Wanda ya zo sayen arepa sai ya sha tambaya: "Ɓawon ayabar jiya, ina ka zuba shi?"

Wata safiya tana juya waina, motar shara ta tsaya. A gaban idonta ma'aikatan suka watsa fara da koriya da baƙa wuri ɗaya, injin ya markaɗe su. Ta yi tsaye da cokali a hannu har wainar ta ƙone.

Washegari ta sa rigar zuwa coci, ta ce in rako ta ofishin hukuma. Jami'in tsabtar gari, Wilfrido, ɗan tsohuwar maƙwabciyarta ne. Yana ganinta ya miƙe.

"Inna! Lafiya?"

"Zauna, mai kunnen zomo. Ni na yi maka wankan farko, ba za ka yi min ƙarya ba. Kun ce mu raba, mun raba. Hannuna har ya yi kanta da wankin roba. Ku ina naku aikin?"

Ya sosa ƙeya. "Inna, mota ɗaya gare mu."

"To me ya hana ku faɗa? Kun sa tsohuwa wahalar banza!"

Wilfrido bai samo sabuwar mota ba, har yau. Amma bayan Goggo ta koma masa sau da yawa, kullum da arepa mai zafi a ƙunshe, hukuma ta ba ƙungiyar masu tsintar robobi izinin kwasar fararen ledoji ranar Alhamis, ta ba su safar hannu da amalanke. Koriyar leda kam har yanzu tana tafiya da baƙa, Goggo kuma ba ta yafe ba.

Cikin masu tsintar robobin, wata mai suna Casilda ce ke zuwa layinmu. A da kan juji take tono, karnuka na bin ta. Yanzu tana ajiye amalanke a inuwar mangwaro, Goggo ta zuba mata kofi, su zauna suna gulmar unguwa har rana ta take.