Awon Inna

Shekarun baya, lokacin da nake aikin ofis a Funtua, jikina ya buɗe har ya wuce misali. Ba rana ɗaya abin ya faru ba. Shayi da burodi da ƙwai da safe, shinkafa da rana, tsire bayan magariba, sannan tuwo ya biyo baya. Mutane suna kirana Alhaji tun ban je Makka ba, ni kuwa ina amsawa. Abin da ba na son a tayar da zancensa shi ne gwiwoyina sun daina kai ni sujada. A masallacin unguwarmu akwai kujerun roba da aka ajiye a gefen sahu domin tsofaffi. Ɗaya ta zama tawa, alhali ko furfura ban fara ba.

Likita bai ɓoye mini komai ba. Ya ce jinina ya hau, ko in rage wannan jiki ko ya kwantar da ni. Ya ce in rage tuwo, in bar tsire, in cika kwanona da ganye, in riƙa tafiya da ƙafa.

Matata ta ɗauki abin da muhimmanci. Zogale, rama, alayyahu, kabeji, duk suka shigo gidanmu. Makon farko ina tauna ina jin kamar an ɗaure ni a turke. Ma'aunina kuwa yana kasuwa, a shagon wani abokina mai sayar da hatsi. Duk Juma'a in na biya, sai ya sauke masara daga kan sikeli ya ce, "Hau, mutumina." Ranar farko ya leƙa allurar, ya tafa hannu.

"Buhu ne cur, har da gyara!"

Bayan 'yan watanni ya leƙa ya ce, "To, gyaran dai ya tafi. Saura buhun."

Amma akwai wani ma'aunin da ya girmi sikeli. Ni ne auta a wurin mahaifiyata, wadda ke zaune a ƙauyenmu kusa da Gozaki. Tun ina yaro, in ta gan ni sai ta kama tsintsiyar hannuna ta zagaye ta da babban yatsa da na tsakiya. Da na yi ƙiba yatsun suka daina haɗuwa, kuma duk zuwan da zan yi sai ta gwada, ta yi murmushi ta ce, "Alhamdu lillahi, Auta ya ji daɗi."

Labari ya kai mata cewa an gan ni na faɗa. Wata rana da damina sai ga ta a Funtua ba sanarwa, da kwanon man shanu da zakara a ɗaure. Ta tarar da ni a tsakar gida da kwaɗon zogale a gabana. Ta tsaya ta daɗe tana kallon kwanon. Ta kama hannuna, ta ga yatsunta sun kusa haɗuwa.

"Ke, abin da kike ba shi ke nan?" ta tambayi matata.

"Inna, likita ne ya ce..."

"Likita ne ya haife shi? Auta, gaya mini gaskiya. An kore ka daga aiki ne?"

Na rantse mata aiki yana nan, abinci yana nan. Na yi mata bayanin hawan jini dalla-dalla. Ta saurara har na gama, sannan ta ce wanda yake da shinkafa a ɗaki ba ya cin ganye. Ko ruwa ba ta sha ba, ta koma a ranar. Daga nan in na kira ta a waya, gaisuwa kawai take amsawa. Na shiga tsakanin abu biyu: in koma tuwo da man shanu hankalinta ya kwanta, ko in ci gaba tana can tana kwana da baƙin ciki.

Da Asabar ta zagayo na bi ta gida. Na same ta za ta gona, na ce zan raka ta. Ta dube ni, domin ta san rabona da gonar nan tun da na sayi mota. Nakan tsaya a ƙofar gida, a shimfiɗa mini tabarma, a kawo mini fura.

Muka kama hanya. An yi ruwa da safe, ƙasa tana ƙamshi, masara ta fi mu tsawo, tana kaɗawa a hankali ta dama da hagu. Ban san lokacin da na daina jin nauyin ƙafafuna ba. Ji nake kamar na koma yaron nan mai bin bayanta da ƙwarya a ka, tana gaba zanenta yana shafar raɓar ciyawa. A bakin gona tafasa ta fito ta yi shar. Nan Inna ta tsaya.

"Ka tuna shekarar da rumbunmu ya ƙare tun dawa ba ta yi kai ba?"

Na ce ina tunawa kaɗan-kaɗan.

"Wannan ganyen na riƙa dafa muku safe da yamma, ko ƙuli babu. Hannunka nake kamawa in ga yatsuna sun haɗu har sun haura. A nan wurin na roƙi Allah, in ya fitar da mu, kada ɗana ya ƙara cin ganye. Ya karɓa mini. Yanzu kai da kanka ka koma."

Na ce, "Inna, ai shi ya raya mu."

La'asar ta yi, na yi alwala da ruwan gorarta, na shimfiɗa rigata a gindin ɗorawa. Na yi ruku'u, na sauka, goshina ya taɓa ƙasa mai sanyi. A gida na fara iya haka 'yan makonni kafin nan, amma ita ba ta taɓa gani ba. Rabon da ta gan ni ina salla, a kan kujerarta ta tsakar gida nake, ita tsohuwa tana ƙasa. Na daɗe a sujadar nan, ina jin ƙamshin laima da kukan kurciya daga nesa.

Da na sallame na gan ta tsugune cikin tafasa, tana tsinka tana zubawa a bakin zanenta.

"Zo ka kama mini tun ganyen bai rufe ba," ta ce. "Shi ma barci yake yi da yamma. Na sama za ka tsinka, ba tsofaffin ba. Kuma ka gaya wa matarka zogalenta bai ji ƙuli ba, ina gani daga tsaye."

A ranar ta dafa, ta matse ruwan, ta daka ƙuli da barkono, ta yanka albasa. Muka ci a kwano ɗaya. Da zan tafi ta kama hannuna, yatsunta suka taɓa juna daidai.

"To, nan za ka tsaya. Kada su haura."

Na daɗe ina tunanin wannan rana. Ni ina ganin ƙibata ciwo ce, ita kuwa tana ganin addu'arta ce da aka karɓa, kuma babu wanda ya yi kuskure a cikinmu. Bayanin da na yi mata a Funtua daidai ne, amma bai shiga ba, sai da ta ga goshina a ƙasa.

Yanzu na daina hawa sikelin abokina, kujerar masallaci kuma wani dattijo ne a kanta. Wani lokaci a ofis nakan zagaye hannuna da yatsuna in gwada. Amma nawa sun fi nata tsawo, awona ba ya karɓuwa. Dole sai na je gida.