Tandar da Na Ɓoye Ƙarƙashin Gado

Da za a mayar da ni ranar da masu awon ƙarfe suka dawo gidana a Akokan, kusa da Arlit, da na miƙa musu tandar masar uwar yarana da hannu biyu. Ban miƙa ba. Ƙarya na yi musu, kuma ƙaryar nan ce ta raba ni da jikokina.

Ni na kawo ƙarfen tandar. Lokacin ina tuƙa kamyo, babbar motar kaya, a ma'adinin uraniyum, ina kwashe tarkacen ƙarfe zuwa juji. Ferai muke ce masa. Kowa yana ɗiba, manyanmu suna gani ba sa hanawa. Wani ya yi ƙofa da shi, wani gado, wani tukunyar biki. Ni na tsinci wani faifan ƙarfe mai kauri, na kai wa maƙeri a kasuwar Arlit ya buga masa gurabe. Da na kawo gida matata ta gwada ɗagawa, sai ta ce, "Malam, wannan tanda ce ko murfin rijiya? Wa zai riƙa ɗora min ita a murhu?" Na ce ni. Ban taɓa ɗora mata ba ko sau ɗaya.

Amma tanda ce ta gaske. Tana riƙe wuta, masa ba ta kamawa. Idan ma'aikata suka tashi daga aiki, 'yan Tawa da 'yan Maradi da Abzinawa direbobi duk a ƙofar gidana suke tsayawa. A kanta matar nan ta tsufa, a sunkuye, hayaƙi yana dukan fuskarta. Daga baya tari ya kama ta, ya ƙi sakinta har ta rasu. Babu likitan da ya gaya min abin da ya kashe ta. Har yau ban sani ba.

Bayan rasuwarta na jingine tandar a bangon tsakar gida. Gefenta na dama ya yi santsi, wurin da take dafawa da tsumma idan za ta juya ta. Ina taɓa wurin nan duk safiya in na fito alwala.

Sai ga mutum biyu suna bi gida-gida da wata na'ura kamar ƙaramar rediyo, wai suna neman ƙarfen ma'adini mai illa. Suka auna ƙofa, shiru. Suka auna bango, shiru. Da suka matsa kusa da tandar sai na'urar ta kama ƙara kamar ana soya gyaɗa. Babban cikinsu ya ja da baya ya ce, "Baba, kada kowa ya taɓa wannan. Gobe za mu zo da mota."

Raina ya ɓaci, kuma har yanzu a ɓace yake. Ina na'urar take lokacin da muke kwasar ferai da rana tsaka? Ina take lokacin da rabin unguwa ke cin masa daga ƙarfen nan? Sai da matar ta shiga ƙasa za a zo a ce min abin da ya rage min nata guba ne? Na naɗe tandar a tsohon zanenta, na tura ƙarƙashin gadona. Da suka dawo na ce na sayar wa masu sayen tsohon ƙarfe. Ƙaramin ya dube ni ya ce, "Baba, ka ji tsoron Allah." Na ce ya fita min daga gida, na girmi ubansa.

'Yata tana aure a cikin Arlit, tana kawo min yaranta duk Juma'a. Ɗakina ya fi sanyi, don haka nan suke barcin rana, a kan tabarma, dab da gadon. Na san abin da ke ƙarƙashinsa. Na gaya wa kaina zane ya rufe shi. Ni da na yi shekaru ina ganin yadda ake sa mu wanka kafin mu bar wurin aiki, na yarda zane zai tare abin.

Wata Juma'a tana share min ɗaki, tsintsiya ta bugi ƙarfe. Ta jawo, ta buɗe.

"Baba, ba ka ce ka sayar ba?"

"Kayan uwarki ne. Mayar."

"Uwata tana maƙabarta, Baba. Wannan ƙarfe ne. A nan 'ya'yana suke kwana!"

Na ce ita ba ta san darajar uwa ba, da ta sani da ba ta kira shi ƙarfe ba. Ban taɓa gaya mata magana mai muni kamar wannan ba, ita da ta yi jinyar uwar har ƙarshe. Ta tada yaran, ta goya ƙaramar, ta ce ba za su sake taka gidan ba sai abin ya fita. Na ce to kada su taka.

Na ɗauka za ta huce. Ba ta huce ba, ni ma na ƙi saukowa. Muna haka aka rufe ma'adinin Akokan, aikin mijinta ya ƙare, suka shirya komawa Maradi. Ta zo sallama, ta tsaya a waje, yaran suna cikin mota. Ta tambaye ni ko ƙarfen yana nan. Na ce yana nan. Ta ce, "To Baba, a yafe mu." Motar ta tashi ina tsaye.

Da gidan ya yi min shiru ne na ɗora tandar a amalanke na tafi neman masu awon. Maigadin ofishinsu ya ce waɗannan sun daɗe da tafiya. Aka tura ni wani ofis, can ma aka tura ni wani. Mai sayen tsohon ƙarfe kaɗai ya yi murna da ganinta, ni kuwa na san jibi za ta koma murhun wata mata. Ƙarshe wani abokina mai lambu ya raka ni da jakinsa, muka yi nisa da rijiyoyi da hanyar makiyaya, muka haƙa rami mai zurfi, muka binne ta. Ban sani ba ko daidai muka yi. Babu wanda zan tambaya.

Na kira 'yata na ce na fitar. Ta ce, "Allah ya saka da alheri, Baba." Ta miƙa wa ƙaramar waya, yarinyar ta ƙi magana, ba ta san muryata ba. 'Yata ta ce za su zo idan hanya ta yi kyau. Ba su zo ba tukuna.

Fushina da waɗanda suka bar mu muka kwashi ƙarfen nan bai tafi ba, kuma ina da gaskiya a kansa. Amma ba su ne suka shimfiɗa wa jikokina tabarma a gefen gadon ba. Ina roƙon duk mai karanta wannan, idan aka ce maka wani abu na mamacinka zai cuci masu rai, ka bayar da shi a ranar, ka yi kukanka daga baya. Kada ka jira sai 'yarka ta yi maka sallama daga bakin ƙofa.