Mai Kunne da Agogon Salansa

Shekara talatin da huɗu ya yi yana gyaran kafireta a rumfa ɗaya, ta uku daga bakin titi, tsakanin mai walda da mai faci. Mai Kunne kowa ke kiransa, har matarsa idan ta so tsokana. Yadda yake aiki ne ya jawo masa sunan. A tayar da mota, sai ya ɗora tsinin dogon sukundireba a jikin inji, ya manna ƙotar a kunnensa na dama, ya rufe ido. Da ɗaya hannun yake murɗa ɗan sukurun da ke daidaita iska da fetur, kaɗan-kaɗan, har ƙarar ta zauna. Daga nan ya kwance fulogi ya duba bakinsa. Idan baƙi ne, mai ya yi yawa. Idan fari ne fat, iska ta yi yawa. Idan ruwan ƙasa ne, sai ya rufe bonet.

Yana da shekara hamsin da takwas kunnen dama ya soma tafiya. Ya koma na hagu, bai gaya wa kowa ba. Bayan shekara biyu na hagun ma ya bi sahu. A gida aka fara ganewa.

"Malam, sau uku ina kiranka," in ji matarsa.

"Na ji. Tunani nake."

"Wannan tunani naka, rediyo ma sai an ƙure masa murya yake shiga."

A rumfa kuwa, Dogo ne ya tona. Direba ne mai tsohuwar akori-kura da yake dakon ƙwai, shekara sha tara ba wanda ya taɓa masa kafireta sai Mai Kunne. A wata guda sau uku ya dawo: mota na shan mai, tana tari a hawa. A zuwa na uku ya faɗa a gaban mai walda.

"Baba, ko dai kunnen ya yi ritaya bai sanar da kai ba?" Aka yi dariya, Mai Kunne ma ya yi. Sannan Dogo ya rage murya. "Zan dawo ran Asabar. In ta sake, zan kai ta wani wuri, kada ka ga laifina."

Masu mota mai kafireta sun yi kaɗan, kuma duk sun san juna. In Dogo ya tafi, sauran za su bi shi. Mai Kunne ya yanke a ransa cewa in Asabar ta ƙi, zai sa wa rumfar kwaɗo ya zauna a gida.

Ran Alhamis Auta, 'yarsa da ke aikin gwajin jini a asibiti, ta zo da ɗan kwali. A ciki akwai agogo mai nuna lamba, da doguwar waya, da wani ƙarfe kamar fulogi.

"Wannan ƙarfen a salansa ake ɗaura shi, ya shinshini hayaƙi," ta ce. "Agogon ya faɗi yawan iskar da ke cikin haɗin. Wajen sha huɗu ake so. In lamba ta haura, iska ta yi yawa. In ta sauka, mai ne ya yi yawa."

"Wato ke ma kin gama yanke mini hukunci."

"Baba, shekara goma kana sa tabarau, wa ya ce ka makance?"

Bai dai mayar mata da kwalin ba.

Ran Asabar da hantsi mai walda ya huda bututun salansar Dogo, ya liƙa noti, aka ɗaura ƙarfen, aka haɗa waya da batir. Auta na riƙe da agogo. Da inji ya yi zafi, lamba ta tsaya a sha bakwai.

Auta ta ce, "Yunwa motar take ji, Baba. Ƙara mata mai."

Ya sassauta sukuru rabin juyi. Sha shida da rabi. Ya ƙara. Sha shida. Sai da ya yi juyi biyu cif, lamba ta ƙi kusantar sha huɗu.

"Ci gaba, Baba," in ji Dogo. "Na'ura ba ta san son kai ba."

Amma idon Mai Kunne na yaji, hancinsa kuma ya cika da warin ɗanyen fetur. Ya kashe mota, ya kwance fulogi ɗaya. Baƙi ƙirin, har yana shafa a yatsa. Agogo ya ce yunwa, fulogi ya ce ƙoshi har wuya.

Ya mayar da fulogin, ya ce a tayar. Ya shimfiɗa kwali ya shiga ƙarƙashi, ya jiƙa bayan hannunsa, ya riƙa bin bututun daga sama ba tare da ya taɓa shi ba. A mahaɗar farko, taƙi ɗaya kafin ƙarfen Auta, ya ji iska na bugun fatarsa, fut-fut-fut. Gaskit ɗin da ke toshe bakin mahaɗar ya ƙone. Ta nan iskar waje ke kutsawa cikin hayaƙi, agogo na ƙirga ta tare da ta inji.

Ya ɗan daɗe a kwance. A da, tun motar na bakin titi zai ji wannan ƙarar.

Aka jira bututu ya huce, aka sa sabon gaskit. Ya mayar da sukurun daidai inda kunnensa ya bar shi a zuwan Dogo na uku, juyi biyu baya, don yana so ya gani da idonsa. Aka tayar. Sha biyu: mai ya yi yawa.

Mai Kunne ya karɓi agogon daga hannun Auta, ya gyara zaman tabarau.

"Dogo, gaskiyarka. Nan na bar maka ita sau uku. Kunnen ya tafi, ya fi shekara biyu."

Dogo ya sosa ƙeya. "To ai hancin bai tafi ba. Da mun bi ta na'ura, da yanzu fetur muke tuƙawa, ba mota ba."

Mai Kunne ya riƙa ɗaure sukuru a hankali, idonsa a kan lamba. Sha uku. Sha uku da rabi. A sha huɗu da ɗigo biyu ya tsaya. Suka zagaya har hawan da take tari, Auta a tsakiya da agogo a cinya, motar ta haye ba ko gyaran murya. Da suka dawo ya cire ƙarfen, ya toshe notin, ya sake duba fulogi. Ya fara komawa ruwan ƙasa.

Bai sayi kwaɗon ba. Ya kafa ƙusa a jikin ginshiƙin rumfa, nan agogon yake rataye yanzu. Ka'idarsa guda ce: ba ya duba lamba sai ya fara bin salansa da jiƙaƙƙen hannu. Dogon sukundireban na nan cikin akwati, sukuru kawai yake kwancewa. Mai walda ya so a sauya masa suna zuwa Mai Hanci, amma bai kama ba. Har yau Mai Kunne ake kiransa, sai dai a ɗaga murya.