Bakin Makau a Hancin Amale

Duk ƙasar Bukkuyum, in raƙumi ya kama mura, Makau na Zugu ake kira. Aikin nasa kuwa ba na mai ƙyama ba ne. Zai tauna kanwa da tafarnuwa, ya kafa bakinsa a hancin dabbar, ya hura da ƙarfi. Haka ya gada wurin ubansa. Matarsa Sahura kullum cikin yi masa tsiya take, wai raƙuma sun fi ta sanin bakinsa.

Ranar da ɓarayin daji suka faɗa Zugu da rana tsaka, shi suka zo nema. Sun harbe maƙwabcinsa a bakin rijiya don kawai ya tsaya kallo. Makau ya yi gardama, suka fasa masa goshi da gindin bindiga, suka ɗaure shi da Sahura a kan babura, sai daji.

Can ya tarar da wani amalen raƙumi na sata a durƙushe, majina na dalala. Ogan ɓarayin ya shaƙo wuyan Sahura, ya ɗora mata wuƙa har jini ya tsattsafo.

"In ya tashi, ka tai da matakka," in ji shi. "In ya mutu, gabanka zan yanka ta."

Makau ya durƙusa ya hura. Amalen ya yi atishawa, ya wanke masa fuska, majina har cikin ido da raunin goshi. Safe da yamma haka yake yi, bulala na sauka a bayansa, har dabbar ta miƙe. La'anannun nan kuwa suka cika alkawari, suka sake su.

Bai yi mako a gida ba zazzaɓi ya kayar da shi, ga tari kamar ƙirji zai tsage. Sahura ce ke share masa baki da gefen zanenta, ta sha ragowar kunun da ya bari. Ko da aka kai shi asibiti a Gummi, likita ta ce tana zargin koronar raƙuma, a killace shi, kowa ya nisance shi. Ashe an makara, Sahura ta riga ta fara tari.

Makau ya warke. Ita ba ta kai Juma'a ba.

Abin da ciwo, wallahi. Har yau in aka kawo masa raƙumi, sai ya rufe bakinsa da rawani ya shige ɗaki. Ya ce wuƙar ɓarawo ta bar masa Sahura, numfashinsa ne ya kashe ta.