Kifin Kawu da Ke Bayan Ɗa'ifa

Na manta abubuwa da yawa na zaman da na yi a Makka, har da fuskokin wasu da muka kwana ɗaki ɗaya, amma ranar da muka kai kawuna kamun kifi a bayan Ɗa'ifa tana nan daram a kaina, kuma ba na jin za ta goge.

Lokacin ana ta faɗaɗa Harami, ni kuma ina tuƙa motar wani kamfanin gyaran na'urar sanyaya ɗaki. Kawu, yayan mahaifiyata, Basarke ne, wato masunci, daga Yawuri. Ya zo aikin Hajji yana saurayi, ya ce zai ɗan tsaya, tsayuwar ke nan. Ya yi dako a Mina, ya yi gadi, ya yi aure, ya tsufa a wani ɗan gida da ke maƙale a jikin dutse a Nakkasa. Mutumin da aka haifa kusan a cikin kwalekwale sai ga shi ya ƙare a garin da ruwa ke zuwa a tanka. Kifin Jidda kuwa ba ya ci. Ya ce wannan gishiri ne aka yi wa ƙaya.

A shekarar ne jikinsa ya soma gazawa. Hannunsa na dama yana rawa, ko shayi sai an rage masa a kofi. Wata Juma'a muna cin abinci ya ajiye cokali ya ce, kafin Allah ya karɓi abinsa yana so ya ci kifin ruwan daɗi, wanda ya kama da hannunsa. Ya faɗe shi kamar mai neman a miƙo masa gishiri. Duk mun san tsohon ba zai iya tafiya gida ba, kuma shi ma ya sani.

Babban ɗansa ne ya ɗauki maganar. Shi haifaffen Makka ne, yana da shagon waya a Rusaifa, Larabci ya fi zama a bakinsa, Hausarsa kuwa ta gaisuwa ce da ta neman abinci. Yana son ubansa ƙwarai, sai dai bai taɓa sanin ta inda zai kama shi ba. Kifi bai taɓa ganinsa da rai ba sai a gilashi. Don haka ya yi abin da 'yan zamaninsa ke yi, ya tambayi waya. Waya kuma ta kai shi wajen Turawan ƙasashen sanyi, masu tsayawa a cikin tafki har ƙugu suna kama wani kifi mai ɗigo-ɗigo da doguwar sanda. Ba sa sa tana a ƙugiya. Gashin tsuntsu suke ɗaura mata da zare ta yi kama da ƙwaro, su wurga ta kan ruwa, kifi ya zaci abinci ne. Ɗan kawu ya kalli wannan ya gamsu cewa haka ake kamun kifi a duniya. Ya yi odar kayan gaba ɗaya, har da wandon roba mai zuwa ƙirji.

Ya yi makonni yana koyon wurgi a saman bene. A wannan horo ya kama zanin maƙwabciya, da tawul, da eriyar wani mutumin Yaman. Ranar da ya buɗe wa Kawu akwatin ƙwarin, tsohon ya ɗauki ɗaya ya kai kusa da ido, ya daɗe yana juya shi.

"Ina abincin?"

"Abuya, babu abinci. Kifi yana gani, yana tsammani ƙwaro ne."

"To kifin nasu ba shi da hanci?"

Ɗan kawu ya dube ni don in fassara. Na ce masa ba Hausar ba ce matsalar.

Wani abokin aikina ya kwatanta mini wata madatsar ruwa can cikin duwatsu, bayan an wuce Ɗa'ifa sosai, ya ce ya ga makiyaya suna kama karfasa a wurin. Muka sa rana. Matar kawu, wadda muke kira Inna, ta yi jajjage tun da safe, ta fito da daddawar da take ɓoyo, ta sanar da maƙwabta biyu cewa yau akwai romon kifin gida. Na so in ce ta dakata mu dawo tukuna, amma na ga yadda Kawu ya sa farar rigarsa ta Idi, sai na haɗiye.

Mun hau dutse har kunne ya toshe, muka bar kwalta, muka bi wata hanya da birai suka fi mu sanin ta. Tafkin yana kwance a tsakanin duwatsu, kore shar, babu kowa sai iska. Kawu ya sauko, ya tsuguna a baki, ya ɗebi ruwan ya shinshina, ya shafa a fuska. Ni na juya ina duba tayar mota, alhali lafiyarta lau.

Ɗan kawu ya shiga wandon roba ya kutsa cikin ruwa, wanda bai wuce gwiwarsa ba. Ya soma wurgi. Gaskiya zaren yana tashi da kyau, yana lanƙwasa a iska kamar yadda aka nuna a waya, sai dai ba ya sauka inda aka aike shi. Ya kama ƙaya, ya kama hulata, ya kama wandonsa ta baya. Kawu yana zaune a kujerar roba yana kallo, ya ce mini, "Yaron nan yana da ƙoƙari. Ruwan ne dai bai yi masa laifin komai ba." An ba shi sandar ya gwada, shi ma bai iya ba, hannun ya ƙi. Har la'asar ko ɗan ƙaramin kifi ba mu gani ba, ga rana tana shirin faɗawa bayan dutse. A nan tsoro ya kama ni, don na san ba za a sake kawo shi ba.

Da ɗan kawu zai yi salla, ya miƙa wa uban sandar ya ce ya riƙe masa kawai. Ƙwaron yana kwance a kan ruwa kusa da wasu ciyayi. Hannun Kawu yana rawa kamar kullum, rawar ta bi sanda, ta bi zare, ƙwaron ya shiga karkarwa a kan ruwa tamkar mai rai. Abin da ɗan ya yi makonni yana nema, ciwo ya ba uban kyauta. Sai ruwan ya fashe.

Ban san lokacin da tsohon ya miƙe ba. Ya yar da sandar mai tsada, ya cafki zaren da hannu biyu yana ja yana saki, yana yi wa kifin magana ƙasa-ƙasa da wani irin kirari da ban taɓa ji ba. Rawar hannun ta tsaya cak. Ya jawo karfasa, ƙatuwa, faɗinta ya fi tafin hannu biyu, ya rungume ta a kan rigar Idi yana dariya, hawaye na bin gemunsa.

Ɗan kawu ya sallame ya rugo yana "Mashaallah, Abuya, mashaallah!" Ya ɗauki hoto. Ya karɓi kifin a hankali, ya jiƙa hannu, ya zare ƙugiyar cikin ladabi, ya tsuguna, ya sa shi a ruwa ya buɗe hannu. Kifin ya ɗan tsaya, kamar shi ma bai yarda ba, sannan ya tafi.

Ashe Turawan cikin waya haka suke yi. Su kama, su yi hoto, su saki. Duk bidiyon da ya kalla da haka yake ƙarewa, bai taɓa ganin wanda ya kai tukunya ba. Ya ɗago yana murmushi, yana jiran yabo.

Kawu ya dubi ruwan, ya dubi ɗansa, ya dube ni.

"Mi ya yi?"

"Ya sake shi, Kawu."

"Bashi ake bin mu?"

Daga nan ya juya ya shiga mota, muka kamo hanyar Makka. Ɗan kawu ya fahimci abin da ya aikata tun kafin mu hau kwalta, ya yi ta kuka a kujerar baya yana ba da haƙuri da Larabci. Ni na so in rufe shi da duka, na kuma ji tausayinsa har cikin raina. Da muka isa ya nuna wa Inna hoton. Ta kalla da kyau ta ce, "To, miƙo wayar in sa a tukunya." Maƙwabta suka sha romo da kifin gwangwani, suka ce ya yi daɗi, Allah ya saka musu.

Kawu bai sake fita ba. Wata biyun da suka biyo ɗan ya kasa haɗa ido da shi, sai ya zo ya ajiye magani ya fice. Wata rana ina zaune tsohon ya sa aka tsayar da shi a bakin ƙofa.

"Kai, zo nan. Kifin nan, kana ganin yana nan?"

"Yana nan, Abuya. Inshallah."

"Ya ƙara girma ke nan." Sannan ya ƙara da cewa, "Duk wanda na kama a Yawuri na cinye shi. A ƙasar nan ba ni da gona, gidan nan ma an ce za a rushe. Amma ina da kifi ɗaya a bayan Ɗa'ifa. Ka riƙa zuwa kana duba mini shi."

Bai kai azumi ba. Gidan ma daga baya aka rushe shi da sauran na layin.

Abin da ranar ta koya mini shi ne, idan za ka yi wa mutum alheri, ka zauna ka tambaye shi yadda yake son abinsa, kada ka tambayi waya. Ɗan kawu yana gida ɗaya da Basarke tun haihuwarsa, bai taɓa cewa ya koya masa ɗaura ƙugiya ba, tsohon ma bai taɓa tayi ba. Har yau duk shekara yana hawa dutsen nan da sandarsa da wandon roba. Ya ce mini bai taɓa kama komai ba, kuma hankalinsa ya fi kwanciya a haka.