Tunkiyar da Ba a Nema Ba

Jiya da hantsi maƙwabciyata ta shigo gidana a Bagadaza tana haki, wai ko na ga tunkiyarta. Gida-gida take bi. Tana fita na zauna na yi ta kuka, don ta tuna mini da maigidana.

Dattijo ne a ikilisiyarmu. Kowace Lahadi in an tashi sujada, yakan tsaya a bakin ƙofa yana duban fuskoki. Wanda bai zo ba, sai ya hau keke ya nufi gidansa. Har yanzu ina jin ƙarar sarƙar keken nan. Wata rana tuwo ya huce a kwano, na ce, "Baban yara, mutum ɗaya ne zai hana ka cin abinci?"

Ya ce, "Ke da ba ki iya karatu ba, kin taɓa manta misalin tunkiyar da ta ɓata?" Na ce a'a. Ya ce, "To, shi ya sa Yesu ya koyar da misali, don a riƙe da ka, a bi da ƙafa."

Shekara uku ke nan da rasuwarsa. Wata biyu ciwon gwiwa ya hana ni zuwa sujada. An ce har wa'azi aka yi a kan misalin nan, aka tafa. Ba wanda ya yi sallama a ƙofata, sai mai neman tunkiya.

Ubangiji ya ba shi hutawa. Ni kuma, Makiyayi, ka zo ka neme ni da kanka.