Hular Baƙo a Tsohon Coci

Na zo Zungeru auren 'yar maƙwabcina Josiah, a tsohon cocin Angalikan na zamanin Turawa. Ina zaune a bencin baya, sai ga wani dattijo da ban sani ba. Shadda ce a jikinsa, gemu ya sha baƙin rini, hula ya danna ta har gira. Ina jin bazawari ne, mata ya zo dubawa.

Ya tuɓe takalmi a ƙofa kamar zai shiga masallaci. Saurayin da ke zaunar da baƙi ya tare shi.

"Baba, a nan takalmi ake sawa, hula ake cirewa."

Dattijon ya dafe hular, yana satar kallon layin mata. "Ɗana, ai na ba da takalmi. A bar mini wannan mana."

"Haka ake yi, Baba."

Ya cire. Sanƙo ne tas, rana ta taga tana sauka a kai. Ya zauna a sunkuye, gumi na tsattsafo masa.

Wata tsohuwa a bayansa ta taɓo shi. "Malam, don Allah kada ka motsa. Da haskenka nake karanta littafin waƙar nan."